Asibitin ƙungiyarmu zai koma sola: wane girma za mu saka, kuma me za mu kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar mata a Jihar Jigawa. Muna da ƙaramin asibiti mai ɗakin haihuwa da ɗakin gwaje-gwaje da firjin magani. Wutar Nefa sai a yi kwanaki ba mu gan ta ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ke cinye ɗan abin da muke tarawa. Wani bawan Allah ya yi alkawarin saka mana sola. Masu haɗawa uku sun kawo farashi, wani ya ce inbata mai kVA 3.5, wani 5, wani 10. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma saka wa mai wannan niyya. Shawararmu ita ce kada ku ɗauki ko ɗaya tukuna. Lambar da ke jikin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta Nefa, tana nuna yawan kayan da zai iya ɗauka a lokaci guda ne kawai. Ba ta gaya muku ko fitilar ɗakin haihuwa za ta kai asuba. Wannan aikin batir ne, shi kuma batir farantan sola ke cika shi. Duk wanda ya ba ku farashi bai shiga ɗaki-ɗaki ya rubuta abin da kuke kunnawa ba, kintace ya yi.

Don haka aikin farko naku ne, kuma takarda da biro kawai yake buƙata. Ku bi kowane ɗaki, ku duba bayan kowace na'ura inda aka rubuta wat ɗinta, ku ninka da awannin da take aiki a yini. Ga misalin yadda lissafin asibiti irin naku kan fito. Ƙwan fitila 20 masu wat 10, awa 8, sun ci 1,600. Fankar silin 6 masu wat 70, awa 10, sun ci 4,200. Firji a zafin Jigawa ku ba shi 1,500. Na'urar oksijin mai wat 350, awa 6, 2,100 ke nan. Kwamfutar hannu biyu, da madubin likita, da injin juya jini, da cajin waya, a haɗa su a ce 1,600. Jimilla 11,000, wato yunit 11 a yini, irin yunit ɗin da KEDCO ke sayarwa a mita.

Ku sake kallon wannan lissafi, za ku ga fanka ce ta fi kowa ci, har ta zarce firji da oksijin in an haɗa su. Akwai fankokin zamani masu cin wat 30 zuwa 35 da ke ba da iska daidai da tsofaffin. Canza guda shidan nan zai rage muku kusan yunit 2 a kullum, wanda ya kai abin da babban faranti guda ke samarwa a yini, kuma galibin ragin da dare ne, lokacin da kowane yunit daga batir yake fitowa. Kuɗin fankokin bai kai kuɗin batirin da za su cece ku ba. A fara da wannan kafin a sayi komai.

Yanzu faranti. A arewacin Najeriya ana lissafi da kusan awa 5 na cikakkiyar rana a yini. Amma faranti ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa, domin an auna shi ne a sanyin digiri 25. A kan kwano cikin Afrilu yakan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. In aka haɗa da ƙura da asarar waya da ta inbata, abin da ke isowa kusan kashi 75 ne cikin ɗari. Faranti mai wat 550 zai ba ku yunit 2 a rana mai kyau. Shida za su biya yunit 11 da ƙyar. Mu takwas za mu ce ku saka, saboda hadarin Agusta da hazon hunturu, kuma faranti shi ne mafi arha da daɗewa a duk kayan, yakan haura shekara 20 yana aiki. Matsawa a nan ba tattali ba ne. Batirin da ba ya cika kullum shi ne ke saurin mutuwa.

Batir kuwa a nan kuɗin yake, a nan kuma yawancin solar ƙungiyoyi ke durƙushewa. A ware abin da ake ci daga faɗuwar rana zuwa hantsi: a misalinmu kusan yunit 6.5 ne. Zaɓi biyu ne a kasuwa. Akwai dogon batir mai ruwa, bolt 12, Ah 200 (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), wanda ke ɗauke da yunit 2.4, sai dai rabinsa kawai ya kamata a riƙa sha, in ana tatse shi ƙarƙaf ba zai yi shekara biyu ba. Tsarin bolt 48 kuma huɗu-huɗu ake jera su, don haka guda 8 kuke buƙata. Yana son a duba ruwansa duk wata a ƙara ruwan batir, ban da ruwan leda ko na rijiya, domin gishirin da ke cikinsu yana lalata ƙarafan cikin batirin. Ba ya jure zafi: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Shi ya sa wanda aka ajiye a ɗan sito mai kwano ba silin ba taga ke mutuwa da wuri a ce jabu ne. Yana kuma fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, dole ɗakinsa ya sami mashigar iska.

Ɗayan shi ne litiyom, wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa. Guda ɗaya mai bolt 51.2 da Ah 100 yana ɗauke da yunit 5.12, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da an cutar da shi ba. Guda biyu sun ishe ku. Ya fi tsada ranar saye, amma ba ya son ruwa, kuma mai kyau in yana wuri mai sanyi yakan yi shekara 8 zuwa 10, yayin da mai ruwa yakan yi 2 zuwa 4. Ga ƙungiyar da kuɗinta sau ɗaya yake zuwa, litiyom ne ya dace, ko da kuwa sai an rage wani abu a wani wuri. Sai dai a kula, akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batir a saka a sabon akwati. Ku nemi garanti a rubuce, ku tambayi wa zai cika shi a cikin Najeriya, ku kuma tabbatar an haɗa wayar da batir ke magana da inbata ta cikinta, domin ita ce ke sa inbata ya san ainihin cajin da ya rage.

Sai yanzu muka zo kan inbata, kuma maganarsa gajeriya ce. In aka kunna komai na misalinmu lokaci guda bai wuce wat 1,600 ba. Firji yakan ja ninki uku zuwa biyar na daƙiƙu lokacin tashi. Mai kVA 5, bolt 48, wanda ke karɓar rana da Nefa da janareto, mai MPPT a ciki, wato na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke turawa batir, kuma mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin da na'urorin asibiti ke so, ya wadatar har da sararin ƙari. Mai 10 ba zai ƙara muku ko minti ɗaya na wuta da dare ba, asali ma shi kansa yana cin wuta ko ba a kunna komai ba. Abu ɗaya da za ku sa mai haɗawa ya nuna muku: faranti mai wat 550 yana fitar da kusan bolt 50, takwas a jere sun kai 400, kuma da sanyin safiyar hunturu lambar na ɗan haurawa. Wasu inbatoci na ɗaukar har 500, wasu iyakarsu 145. In aka yi kuskure a nan, ranar farko zai ƙone, garanti kuma ba ya biyan irin wannan.

Akwai kayan da ba za su hau batir ba: tukunyar lantarki ta tafasa kayan aiki, dutsen guga, butar lantarki, da injin burtsatse. Kowannensu na iya cin abin da ya kai ko ya fi duk sauran asibitin. A mayar da aikinsu tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da faranti ke ba da rara. Ruwa a tura shi tanki da rana, tanki ya fi batir arha nesa ba kusa ba. Kuma nasiha ba ta hana mai aikin dare jona hita cikin sanyi, waya ce ke hanawa. A raba layi biyu. Layin farko na fitilun ɗakin haihuwa da firji da oksijin. Na biyu na sauran soket da fankoki, a sa masa ƙaramar bireka mai amf 6, wadda za ta faɗi in an jona hita, kuma a iya kashe shi gaba ɗaya in caji ya yi ƙasa.

Idan kuna ajiye allurar rigakafi, kada ta shiga firjin gida, yana daskarar da ita ko ya bar ta ta ɗumama. Akwai firjin rigakafi na musamman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, masu farantinsu daban, ba batir, suna tara sanyi da rana su riƙe digiri 2 zuwa 8 har gari ya waye. Ku tuntuɓi sashen kiwon lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarku a kan wannan. Haka nan ɗakin haihuwa ya cancanci 'yar fitilar sola tasa mai zaman kanta, ko da babban tsarin ya sami matsala. Ƙungiyar We Care Solar, mai raba akwatunan sola ga ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama, ta samo asali ne daga abin da wata likita Ba'amurkiya ta gani a asibitin Ƙofar Gayan a Zariya a 2008, inda ake karɓar haihuwa cikin duhu.

Wajen kafawa, faranti ya kalli kudu, a jirkice digiri 10 zuwa 15, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. A ɗaure ƙarafan a jikin katakon rufi, ba a kwano kaɗai ba, saboda guguwar farkon damina. Ku tsaya a wurin da safe da yamma ku ga inda inuwar darbejiya ko ta tankin ruwa ke faɗawa, domin inuwa a kan faranti ɗaya tana jawo duk jerin ƙasa. Wayar faranti ta zama ta sola, mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6. Ta batir zuwa inbata ta zama mai kauri, 25 zuwa 35, gajeriya, domin sama da amf 100 ke bi ta ciki kuma siririya zafi take yi har ta narke. A sa bireka ta DC, wato wadda aka yi don irin wutar faranti da batir, tsakanin faranti da inbata, da fiyus a batir, da na'urar kare tsawa, da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Waɗannan ƙananan su ne ake cirewa a ɓoye don farashi ya sauka, don haka ku neme su da suna a takardar farashi. Ku tambayi mai aikin shaidarsa ta NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu haɗa wutar lantarki, ku kuma je ku ga wani aikinsa da ya haura shekara biyu, ku ji daga bakin masu wurin.

Kada ku sayar da janareto. Ku riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata.

Abin da ya bambanta ƙungiya da gidan mutum shi ne wannan: mai gida in batirinsa ya mutu ya san aljihunsa zai taɓa, ita kuwa ƙungiya sai a koma neman wanda ya ba da kyautar, shi kuma a ganinsa ya gama nasa. Asibitoci da makarantu da yawa suna da faranti lafiya lau a kan rufi, ƙasa kuma matattun batura. Maganinsa a tsara shi tun kafin a buga ƙusa. Ku haɗa kuɗin baturan da na inbata, ku raba da wata 84, wato shekara 7, ku ɗan ƙara a kai saboda farashin kayan nan dala yake bi. Wannan adadi a riƙa cire shi duk wata daga kuɗin man da kuka daina saye, a zuba a asusu daban mai sa hannun mutum biyu, wanda ba a taɓawa don albashi ko magani. Ku nuna wa mai kyautar wannan tsari, zai ƙara masa natsuwa. Rasit da garanti su fito da sunan ƙungiya kamar yadda yake a rajistarta, ba sunan shugaba ko na mai bayarwa ba, a kuma rubuta lambar kowane faranti da batir a littafin kadarori.

Biyan mai aiki ya zama kashi-kashi, a riƙe kamar kashi 10 cikin ɗari sai bayan wata guda. A cikin watan ku yi gwajin dare: batir ya cika da rana, a kashe Nefa da janareto, a kunna kaya yadda aka saba, da asuba a duba. In lissafi ya yi daidai, ya kamata a tarar da saura kashi 25 zuwa 35.

Daga nan a naɗa mutum ɗaya da sunansa, da mataimaki, ba kwamiti ba. Shi zai wanke faranti da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, duk mako a hunturu, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Shi zai kaɗe ƙurar ragar inbata. Shi ne kuma zai rubuta a littafi kullum: kashi nawa batir yake da magariba, nawa da asuba. In na magariba ya daina kaiwa 100, a duba ƙura ko inuwa ko wayar da ta saki. In na magariba yana cika amma na asuba yana raguwa mako bayan mako, ko dai an ƙara wani kaya ba a faɗa ba, ko batir ya fara gajiya, sai a kira mai aikin tun garanti bai ƙare ba.