Amsa ga mai son canza jirgi a Kaduna

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki sai na tuna abin da ya same ni. Kin ce za ki taso daga Abuja a jirgin ƙasa da yara biyu, ki canza wani a Kaduna ki wuce Kano. To dakata, tashoshin nan biyu ne.

Tsohuwar ita ce Kaduna Junction, ƙetaren kogi wajen shataletalen Station. Ta nan layin da ya taso daga Baro ya bi har ya isa Kano a 1911, daga baya na Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da shi. Ƙaramin layin dogo ne, wato mai ƙarancin faɗi. Jirgin Abuja kuwa na babban layi ne mai faɗi, a 2016 aka buɗe shi, daga Idu yake tashi, a Rigasa yake tsayawa. Sabon layin Kaduna zuwa Kano ba a gama ba tukuna, don haka mota za ki nema.

Ni wani mai Keke ne ya cuce ni. Zan koma Abuja, ga goyo, ga akwati biyu, ga azumi a baki. Na ce masa tashar jirgi. Yana ganin tikitin a wayata fa, har ya tambaye ni ƙarfe nawa ne tashi! Ya kwashe ni ya kai ni tsohuwar tasha, ya karɓi kuɗinsa ya ja. Ina tsaye ina dube-dube, sai wani dattijo ya ce, "Hajiya, ai Rigasa za ki." Kafin in ratsa cunkoso jirgi ya tafi, kuɗin tikiti ya bi ruwa. A bakin ƙofa na zauna na yi kuka, yaron ma yana yi. Har yau in na tuna murmushin mai Keken nan sai raina ya ɓaci. Allah ya isa.

Tikiti ki saya ta intanet da sunanki da NIN, kar ki kula masu cewa za su samo miki. Ki isa da wuri saboda bincike. A Rigasa akwai zauren jira da banɗaki da wurin salla, amma ki riƙe ruwa da abincin yara. Ki sa musu rigar sanyi, cikin jirgin kamar firij yake.

Motar Kano kuma Kawo za ki, kuma ki yi ciniki kafin ki hau. Shekarun yaran nawa ne ma?