Za mu kwana a masaukin kan dutse a Jos, shin kaskon gawayi zai yi mana maganin sanyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana da yaranmu biyu za mu taso daga Abuja a ƙarshen Disamba, mu yi hutu a wani ɗan masauki da wasu iyali ke kula da shi a bayan garin Jos, wajen duwatsun Shere. Wurin babu wutar NEPA, janareta suke tayarwa zuwa ƙarfe goma na dare. Matar gidan ta ce kada mu damu da sanyi, za ta sa mana kaskon gawayi a ɗaki, kuma sai ya ruru hayaƙin ya ƙare take shigo da shi. Ina da ciki wata biyar, ƙaramin yaron kuma mura ba ta yi masa wuya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsayin wurin, don an ce iskar kan dutse tana da illa ga mai ciki. Mu fasa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya raba lafiya. In don tsayi ne, kada ku fasa. Jos tana kan mita 1,200 da ɗoriya, ƙololuwar Shere kuma wajen mita 1,829. Ciwon da tsayi ke jawowa galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa, alhali ko Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Matan Filato a nan suke goyon ciki su haihu lafiya. Ki dai bar wa maigida hawan ƙololuwa saboda tsautsayin faɗuwa, ki kuma shaida wa inda kike awo kafin ku taso.

Abin da ya tsorata ni a wasiƙarki shi ne wanda kika ambata a wuce, wato kaskon nan. Matar gidan da zuciya ɗaya ta faɗa, karamci take nufi, haka ta taso ta ga ana yi. Amma maganar cewa in gawayi ya ruru ya yi ja to haɗari ya wuce, ita ce take kawo mana mutane a sume duk hunturu. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne makashin ba. Shi ai gata yake yi, ya sa tari da hawaye har mutum ya tashi ya buɗe taga. Mai kisan ita ce iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jan garwashin nan da ya yi lakadan a kasko yana fitar da ita har ya zama toka. In aka rufe ƙofa, aka toshe ƙasanta da tsumma, aka ja labule, iskar oksijin da ke ɗakin tana raguwa, gawayin kuma yana ƙara fitar da gubar. Da ta shiga huhu sai ta kama jini, riƙon da take masa ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa zuwa bakin ƙofa. Wanda yake barci sau da yawa ko wannan gargaɗin ba ya samu.

Ke kuma lissafinki biyu ne. Jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwa riƙe gubar, ya kuma fi jinkirin sakinta, don haka uwa na iya tashi da ɗan ciwon kai kawai alhali cikin ya jigata. Yara ma sun fi manya saurin numfashi, su take fara kayarwa.

Dabarun da ake yi kuwa, na ji su har na gaji. A ajiye kwanon ruwa kusa da kasko wai ya zuƙe gubar. A barbaɗa gishiri a garwashi. A kwana a kan gado wai a ƙasa take taruwa, wani kuma ya ce a'a a sama take, a sauko tabarma. Duk babu wanda yake aiki, domin nauyinta kusan ɗaya ne da iskar da muke shaƙa, ɗakin gaba ɗaya take gauraye. Ɗan sarara taga ma ba abin dogaro ba ne, ƙarfe uku na dare jaura ta kaɗo wani zai miƙa hannu ya rufe.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da ke biyo baya da safe. An tarar da mutum huɗu a ɗaki ɗaya suna amai, ɗaya yana sambatu, sai a ce abincin jiya ne, ko an yi musu sammu, ko mutanen ɓoye na kan dutse ne suka taɓa su. A ɗura wa wanda bai san inda kansa yake ba manja ko madara, ya shaƙe, ya gangara huhu, a ƙara masa wata cutar. Wani ma sai a ɗebo sabon garwashi a turara shi a cikin ɗakin da ya kayar da shi. Daga nan a wuce kemis, mai shago ya maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa, ta nuna 98, ya ce oksijin lafiya lau, taifot ce, ya ɗaura ƙarin ruwa ya karɓi kuɗinsa. Wannan na'ura ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki guba. Duk lokacin da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, a tuhumi kasko ko janareta. A fitar da kowa sarari, wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki, a nufi asibitin da ke da oksijin. A iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita daga jini, da tsantsar oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ko mutum ya farfaɗo a hanya a ƙarasa da shi, don mantuwa da rikicewa na iya bayyana bayan kwanaki ko makonni. Daga ɓangaren Shere, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ne a kusa.

Sanyin kuwa gaskiya ne, akwai dararen Disamba da Janairu da yake sauka ƙasa da digiri 10. Ku zo da barguna naku, kowa da rigar sanyi, safa da hula, riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. Ki roƙi matar gidan ta dafa ruwa a madafa, a zuba a gora mai murfin kirki, a naɗe da zani a sa a ƙafar gado. In ana son jin ɗumin wuta, a ji shi a tsakar gida ana hira, a kashe kafin a shiga. Ki faɗa mata tun a waya, cikin ladabi, cewa likita ne ya hana sa kasko a ɗaki, ba za ta ji haushi ba.

Ku duba inda janaretan yake da idonku tun da rana. In a baranda ne, ko lungun da ke jikin tagarku, a matsar da shi aƙalla mita 6, bututun hayaƙin yana kallon daji. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji gubar, in kun samu a Abuja ku saya, in za ku tafi ku bar wa masu masaukin.

Gidan sauro ma ya shiga jaka, sanyin Jos bai kore zazzaɓin cizon sauro ba. Ku tambayi mai masaukin halin da hanya take ciki a ranar tafiya, ku isa da sauran rana, kuma ku san tun da wuri a wane tudu ake samun sabis ɗin waya da wanda ke da mota a kusa.