Ƙarfen da aka tsinta a ɗakin kaka, da zancen gizago

Wata mai karatu daga Funtuwa ta rubuto cewa suna gyaran ɗakin kakarsu da ta rasu, sai suka ga wani siririn ƙarfe, tsawonsa kamar taki guda, mai ɗan kauri a tsakiya, an ajiye shi tare da wani faffaɗan dutse mai santsi. Tana tambaya ko kayan ƙira ne.

Allah ya jiƙan kaka. Malama, wannan kayan gurzar auduga ne, ana ce masa magurji. Mace kan zuba auduga a kan dutsen, ta danna ƙarfen da tafin hannu biyu tana mirginawa gaba, angurya ta fice gefe guda, kaɗa ta rage. Daga nan sai bakan shiɓa ya warware ta, sannan a kai ga mazari, wato tsinken da ake kaɗa zare da shi. In kun ƙara dubawa, ba mamaki ku ga wani ɗan dunƙulen yumɓu mai huda a tsakiya. Shi ne gululu, wanda ake sokawa a gindin mazari don ya yi nauyi ya daɗe yana juyawa. Ganin yadda mazari ke kaɗawa ya sa ake cewa jikin wane yana rawa kamar mazari, kuma ake yi wa mutumin da ba a gane inda ya dosa kirari da "mazari, ba a san gabanka ba".

Ku lura da ginin sunan. Hausa kan ɗauki aikatau ta sa masa "ma-" a gaba da "-i" a baya, sai sunan kayan aiki ya fito: gurza ta haifi magurji, girba ta haifi magirbi, buɗe ta ba da mabuɗi. Saboda haka duk wanda ya tsinci baƙon ƙarfe, ya fara tambayar tsofaffi me ake yi da shi, sau da yawa sunan na cikin amsar. Abin yana damuna ƙwarai yadda waɗannan sunaye ke ɓacewa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, saƙa da rini ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma galibin zaren daga hannun mata irin kakarku yake fitowa. Injinan gurza na Turawa, irin wanda aka kafa a nan Funtuwa, su suka fara raba magurji da aikinsa. Don Allah kada ku sayar wa 'yan gwangwan.

Wani kuma daga Maraɗi yana son sanin bambancin gizago da gatari. A dubi yadda bakin ya zauna a ƙota. Na gatari yana bin tsayin ƙotar, don sara da faskare. Na gizago a gicciye yake irin na fartanya, da shi masassaƙi ke fafe turmi da akushi. Su biyun ne aka haɗa a "sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho": gatari ya sara, gizago ya sassaƙa.