Kafin ka ɗora kekenka a mota zuwa Abzin, ji abin da ya same ni

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka, sannan na ajiye salula na yi shiru. Ka ce ka gaji da tseren rai da kamiyo a kan gudron tun ranar da wata tankar mai ta watsa ka cikin rairayi a hanyar Tanut, kana neman wurin duwatsu mai hanyar tsakuwa inda za ka tuƙa ba hon ba hayaƙi, wai ko gandun dajin Abzin zai yi. Wallahi kamar ni na rubuta. Ni a hanyar Mirya aka kwashe ni, har yau in sanyi ya shigo gwiwata ta hagu sai ta tuna min. Ni ma Abzin ɗin na ɗauka a ka, kuma na je, mu uku, cikin watan Disamba. Allah ya sa in iya tsara maka zancen, don in na tuno raina ɓaci yake.

Wuri dai ba ƙarya. Duwatsun da muke taƙama da su a Birnin Damagaram 'ya'ya ne in ka ga na can. Baƙaƙe ƙirin, wasu kamar an ƙona su jiya, sai ka zagaya ɗaya ka faɗa cikin lambu kore shar da dabino da lemo. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana can a Bagzan, mita 2,022. Shi gandun da kake magana, na Abzin da Tenere, an keɓe shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Faɗinsa ya haura kilomita murabba'i dubu 77, mafi yawansa rairayi ne da ko raƙumi sai ya yi shawara. Inda keke ke da abin yi shi ne ɓangaren duwatsu, hanyar da ta tashi daga Agadas ta bi Dabaga da Elmeki ta je Timiya, kusan kilomita 220, in kana da sauran ƙarfi ka wuce ta kufan Asode zuwa Iferwan.

Daga nan Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisinat, wannan kada ma ka yi mafarkin tuƙawa, ɗora keken a kan mota, ka tsaya da kanka a ɗaure shi, ka cire feda. Nawa sun danne shi da buhun gero, kafin mu isa ƙafar baya ta lanƙwashe.

Maganar babu mota kuwa, rabin gaskiya ce. Tun da zinariya ta fito a Jado a 2014 arewa ta sake kama. 'Yan zinariya da kat-kat, wato motocin shiga daji, da babura suna gudu kamar an biyo su, ga kamiyon albasa da ke fitowa daga lambuna, musamman ɓangaren Tabelot. Daga Agadas zuwa Dabaga ba ka huta da ƙura ba. Sai ka wuce Elmeki ne za ka soma samun abin da kake nema, ka yi awa biyu, uku, ba ka ji ƙarar komai ba sai tsakuwa ƙarƙashin taya da numfashinka. Akwai wata gangara da muka sauka da hantsi, barewa biyu suka tsaya suna kallonmu kamar su ne masu tambayar takarda. Wannan kam ban yi da-na-sani ba.

Amma inda babu motar da za ta buge ka, babu kuma wadda za ta ɗauke ka. Nan ne aka cuce mu.

Mun yi ciniki a Agadas da wani mai kat-kat, ya ɗauki ruwanmu da abinci da barguna, ya riƙa bin mu a baya, da yamma mu haɗu. Mutum mai fara'a, carbi a hannu, kowace magana sai ya ce "ai ku 'yan Damagaram baƙinmu ne". Ya ce mai ya yi tsada, sai an biya shi duka kafin a tashi. Babban cikinmu ya ce a ba shi rabi, ni da bakina na ce haba, kada mu nuna wa bawan Allah rashin yarda. Ni na ƙirga masa kuɗin a hannu. Har yau abokan tafiyar ba su bar yi min gori ba, kuma suna da gaskiya.

Kwana na farko lafiya. Rana ta biyu da safe, bayan Elmeki, wasu samari suka tsaya da shi suna ƙus-ƙus, motarsu ta mutu, suna sauri su kai kaya. Ya zo ya ce mana mu yi gaba, zai kai su nan kusa ya dawo, kafin azahar ya cim mana. Ya bar mu da gora bibbiyu. Ƙanena, azahar ta yi, la'asar ta yi, babu shi babu ƙurarsa. Muka shiga wata busasshiyar ƙorama, rairayi har idon sawu, ba a tuƙawa sai turawa. Ka san nauyin keke in kana tura shi cikin yashi da ƙishirwa? Sai ka ji kamar jaki ne ya ƙi tafiya. Can tayar gabana ta sace, na cire, ƙayar aduwa ce doguwa kamar basilla. Na yi faci. Ban yi nisa ba ta baya ta sace. Sauran faci da tif ɗin da na saya sabo duk suna cikin jakar da ke motar mutumin. Na zauna a kan dutse riƙe da famfo, na ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa, babu rezo ko ɗigo. Harshena ya zama kamar fata. Kuma da safen nan kilishi muka ci, ka ji wauta, kilishi mai yaji a inda ruwa ke hannun wani.

Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko. Kai da ka saba da hunturun Damagaram kada ka ɗauka ka san sanyi. Riguna ne kawai na tuƙi a jikinmu, barguna suna mota. Ƙaraminmu, yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya soma karkarwa yana cewa a gaya wa innarsa ta yafe masa. Ni ne na je har gida na roƙa aka bar shi ya biyo mu. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro ke nan, ba ƙishirwar ba. Na riƙa lissafin da wane baki zan shiga gidansu.

Hasken wuta muka hango, muka bar kekuna a nan muka bi da ƙafa. Wani dattijo Ba'abzine ne a bakin lambunsa. Bai tambaye mu ko su wane ne ba. Ya miƙo ruwa a kwano, ya hana mu kwankwaɗa, ya ce kaɗan-kaɗan. Matarsa ta aiko da cuku da dabino, ya ɗora shayi, sai a kofi na uku ya ce daga ina. Da muka ce Damagaram ya yi dariya, ya ce yana saurayi ya sha zuwa ƙasarmu da ayari, su kai gishirin Bilma su dawo da hatsi. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zango. Da asuba ya tura ɗansa da jaki aka kwaso kekunan.

Shi kuwa mai motar sai washegari da yamma ya ɓullo, yana murmushi, wai taya ce ta fashe. Bidon ruwanmu biyu babu komai ciki, ya ba fasinjojinsa. Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba, sai ma ya nemi ƙarin kuɗin mai. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kada wani ya zo ya yi min wa'azi.

To in dai sai ka je, kuɗin mai mota kashi uku, na ƙarshe sai kun dawo Agadas, kuma a yi cinikin gaban wanda yake jin kunya. Faci, famfo, tif, tocila, riga mai kauri da ruwa aƙalla lita huɗu su zauna a jikin kekenka, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da direban. Siririyar tayar nan taka ta gudron ka bar ta gida, nemi mai faɗi, ka rage mata iska kaɗan don ta kama tsakuwa. Ka je wurin mai faci ya yanka maka tsohuwar taya ya shimfiɗa tsakanin taya da tif, yana rage ƙaya sosai. Sarƙa kada ka cika mata mai, ƙura take kwasa ta zama kamar tuwo.

Lokaci daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina kada ka kuskura ka kwana cikin ƙorama, ruwa na iya sauka a dutsen da ba ka gani, ya iso maka sama tana tas. Kuma kada ka ga fili mai kyau ka ce bari in yanke. An binne nakiyoyi a yankin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, musamman wajen Iferwan, bi sawun da mutanen wurin ke bi. Ka je wa jandarma da ma'aikatan gandun daji a Agadas kafin ka tashi, ka gaya musu hanyarka da ranar dawowa. In suka ce hanya ba lafiya, juyo gida, 'yan fashi ba su san ɗan wasan keke ba.

Na ga wani ya ce maka ka tafi Termit tunda ya fi kusa. Ya taɓa tura keke cikin yashi kuwa? Gandun da aka keɓe a 2012 ne, na namun daji, hanyarsa ta kat-kat ce da raƙumi.

Ni da za ka ji tawa, fara gwada kanka a nan. Ka fita bayan sallar asuba ta hanyoyin amalanke na wajen Durum ko bayan Mirya, da ruwanka da kayanka duka a kan keken, ka yi kilomita sittin, washegari ka sake. In ka yi haka sati uku kana sauran sha'awa, zo ka same ni ranar Lahadi bayan la'asar. Tayoyin da na je da su suna nan rataye a zaure, in sun yi daidai da kekenka ka ɗauka. Kuma ka sanar da inna da bakinka, ni ba zan sake zuwa roƙon ɗan kowa ba.