Word na sandarewa, rubutu na gogewa da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga furojet ɗina na shekarar ƙarshe a laftof, sai Word ya riƙa sandarewa. Da ya farfaɗo sai in ga layuka suna gogewa ban taɓa komai ba. Jiya kusan shafi guda ya tafi. Ko bairos ne? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Da wuya in bairos ne. Ni kibod na fi zargi.

Idan Word ya sandare, kwamfuta ba ta watsar da abin da kika danna, tara shi take yi ta jira. To a ce kin ga ya tsaya, haushi ya sa kin yi ta danna Backspace. Yana farfaɗowa zai zartar da su duka a lokaci guda, ke kuma ki ga rubutu na gudu da baya kamar da hannun wani. Haka abin yake idan maɓallin ne ya maƙale, kuma kin san ƙurar hunturun Kaduna ba inda ba ta shiga. An taɓa kawo mini laftof mai irin wannan ciwo, mai ita har ya yanke shawarar a goge Windows ɗin gaba ɗaya. Da na ɗaga maɓallin Delete, ɗan ɓawon gyaɗa ne ya toshe a ƙarƙashinsa.

Ki buɗe Notepad, wato ƙaramar manhajar rubutu da ke zuwa da Windows, ki rubuta layi biyu, ki janye hannunki ki zuba ido. In rubutun ya goge a can ma, Word ba shi da laifi. Sai ki kashe laftof ɗin, ki kifa ta, ki share tsakanin maɓallai da buroshi mai laushi, ban da ruwa. In maɓallin bai saki ba, a kai wa mai gyara. Ki lura da tafin hannunki kuma: idan ya shafi wurin linzami ya zaɓi sakin layi, harafi ɗaya da za ki buga zai maye gurbinsa duka.

Maganar sandarewa kuwa, ki danne Ctrl lokacin buɗe Word, zai tambaye ki ko ya buɗe a Safe Mode, wato ba tare da ƙananan manhajojin da aka maƙala masa ba, ki amince. Idan ya yi lafiya a haka, matsalar daga ƙananan manhajojin da aka maƙala masa ne, ko fayil ɗin Normal.dotm, wanda Word ke ɗora tsarin kowace sabuwar takarda a kansa, ya lalace. Ki sauya wa fayil ɗin suna, Word zai ƙirƙiri sabo da kansa. Firinta ma tana jawo wannan: in kin taɓa haɗa ta shagon buga takardu ta zama ita ce zaɓin farko na kwamfutarki, Word zai yi ta nemanta. Ki mayar da zaɓin kan Microsoft Print to PDF.

Da zarar rubutu ya ɓace, kada ki rufe fayil ɗin. Ki yi ta danna Ctrl da Z har ya dawo, domin rufewa na share wannan dama. In kuwa an riga an rufe ba a adana ba, ki shiga File, Info, Manage Document, ki duba Recover Unsaved Documents. Word na ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10. Ki rage lokacin zuwa minti 3 a File, Options, Save. Kuma don Allah tun daren yau ki tura wa kanki furojet ɗin ta imel kafin ki taɓa komai.