Baƙin man mota a injin kwale-kwale

Malam, ka tambaya ko baƙin man mota zai yi wa injin kwale-kwalenka na Tiga. Don Allah kada ka zuba.

Tun fitowar ma'aunin ingancin man mota na API SM a 2004 aka rage wa man sinadarin da ke hana ƙarfe cinyewa, don kare matatar hayaƙin salansar mota. Injin ruwa kuwa wuni yake yana aiki cikin danshi, ga tsatsa.

In injinka mai cakuɗa mai da fetur ne, nemi man injin ruwa da aka rubuta TC-W3 a galansa, yawanci lita 1 ga fetur lita 50. In kuwa wanda mansa ke zama a cikin inji ne kamar na mota, ba ya ƙonewa tare da fetur, nemi mai rubutun FC-W. Na taɓa ganin fulogin da man mota ya toshe, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, juya galan ka karanta kafin ka biya.