Hana motoci shiga tsakiyar gari zai kashe kasuwa?

Malam, ka tambaya ko hana motoci bin babban titin tsakiyar gari zai karya 'yan kasuwa. Wannan tsoron ya daɗe. Lokacin da birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak ya rufe titin Strøget ga motoci a 1962, masu shaguna sun yi ta ƙorafi cewa ciniki zai mutu. Yau titin yana cikin manyan wuraren sayayya na birnin. Mai mota wucewa yake yi, idonsa na kan hanya. Mai tafiya a ƙafa shi ke ganin kaya, ya tsaya, ya tambayi kuɗi, har ya leƙa shagon gaba.

Sai dai rufe titi kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a sauke wa mai shago kayansa, don haka a ware wa motocin kaya lokaci da sassafe. A yi wurin ajiye motoci a gefe, inda tsoho zai iya takowa. Sannan inuwa, wurin zama, fitilu da bayan gida. Mace mai ƙaramin yaro ko mai keken guragu ba za su daɗe inda babu waɗannan ba.

A ganina a fara da gwaji, rana ɗaya a mako, a ji yadda cinikin masu shaguna ya kasance. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin haya: wuri na yin kyau masu gine-gine kan ƙara kuɗi, ƙananan 'yan kasuwa su tashi. A tattauna wannan da su tun kafin a fara aiki.